Na'urar Tantance Ƙwayoyin Halitta a Binciken Ciwon Sukari

Na'urar tantance ƙwayoyin halitta tana jera ƙwayoyin jini cikin siririn ruwa, su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, dubbai a daƙiƙa guda. Akan fara yi musu rini mai ƙyalli domin na'urar ta gane irin kowace ƙwaya, ta ƙirga ta. Wasu na'urorin ma sukan ware waɗanda ake buƙata da ransu. Mack Fulwyler ne ya ƙera mai warewa ta farko a Amurka a 1965.

A ciwon sukari nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Ƙwayoyin garkuwar da ke wannan ɓarna ba su da yawa a jini, kuma da wannan na'ura ake zaƙulo su.

Sai dai tana da tsada, kuma sai gwani ke iya sarrafa ta. Shi ya sa cibiyoyin binciken ciwon sukari na jami'o'in Amurka kan ajiye ta wuri guda, kowane mai bincike ya nemi lokaci, ya biya kuɗin sa'o'insa. A Najeriya an fi sanin irinta wajen ƙirga ƙwayoyin CD4 na masu ɗauke da HIV.