Moton da ya daɗe a ɗaka: yadda ake tada shi, da bambancin samfuri

A garuruwan Maradi, Tawa da Damagaram, gidaje da yawa suna da moto a jingine cikin zaure. Mai shi ya tafi cin rani Libiya, Aljeriya ko Abijan, ya ce wata shida, ga shi an shiga shekara ta biyu. Ran da ya bugo waya ya ce a fito da shi, sai ƙane ya zuba esans ya hau dukan kik. To, nan ne ake kashe injin.

Moton da ya kwana shekara, mansa duk ya gangara ƙasa, fiston ya bushe. Sai a fara kwance buji, a ɗiga man inji kaɗan cikin ramin, a bar shi ya kwana, sannan a danna kik da hannu sannu-sannu. In ya cije, kada a tilasta, aikin makanike ne. In ya juya, a yi bidanji. Yawancin motocin nan kusan lita 1 suke sha.

Esans kuwa tsufa yake. Da zafin ƙasarmu, mai sauƙinsa ya tashi, saura ya zama danƙo ya toshe ƴan ƙananan ramukan kaburata. A zubar da na tanki, a haska ciki a ga ko akwai tsatsa, a wanke kaburata. Kada a buɗa ramukan da allura, faɗaɗa su take, daga nan moto ya koma shan mai. A leƙa filtar iska da salansa: ɓera na sheƙa a can, zanzaro na gini, ƙurar hunturu ta cika sauran. Batir dai galibi ya mutu, musamman in an bar shi a haɗe. Taya kuma, zanenta na iya zama sabo alhali gefenta ya tsattsage. Akwai lamba huɗu a jikinta: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. A gwada birki kafin a hau titi, a kuma duba asirans.

Ƴan uwa na waje masu turo kuɗin kayan gyara, sunan kamfani kaɗai ba ya isa. Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya akwai 100, akwai 150, akwai kuma 150X mai ɗagaggen madigadi da aka yi don hanyar karkara. Haojue ta Sin ma tana da 125 da 150. Fiston ɗin wannan ba ya shiga waccan, don haka a ɗauki hoton lambar inji da ta wuyan moto a tura ta WhatsApp kafin a sayi komai.

Cikin samfuri guda ma ana samun hawa-hawa. KS na kik ne kawai, ES yana da maɓallin tayarwa. Injin ɗaya ne, ƙarin kuɗin na damara ne da batir. Haka ƙafa: akwai mai waya-waya, akwai ta alminiyam. Ta alminiyam ta fi kyan gani, ba a musu, amma in ta daki rami ta tsage, sai sabuwa. Mai waya kuwa, makaniken kasuwar ƙauye zai miƙe ta. Birkin faifai ya fi kamawa a kan gudron, sai dai in ya daɗe a ajiye ruwansa na lalacewa, ya manne, alhali na ganga sau da yawa gogewa kawai yake so.

A ganina, wanda ya san motonsa zai riƙa kwana wata takwas duk shekara, ƙaramin samfuri ya fi masa. Babban na mai kabu-kabu ne a birni, wanda ke kashewa da tayarwa tun safe har dare. In kuma tafiya ta sake tasowa, a rufe famfon esans, a bar injin ya shanye na kaburata, a cire batir, a ɗora moton kan babbar jaki a lulluɓe shi.