Tsibiran Farasan: Abin da mai niyyar ziyara ya kamata ya sani

Tsibiran Farasan suna cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 50 daga gaɓar birnin Jazan da ke kudu maso yammacin Saudiyya. Sun haura 80, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da mazauna, kuma mafi girmansu shi ne Farasan al-Kabir. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sanya su cikin jerin wuraren da ake kare muhalli tare da rayuwar al'ummar da ke cikinsu, kuma su ne na farko da suka samu wannan matsayi a Saudiyya.

Yadda ake zuwa

Daga Jidda ko Riyad ana hawa jirgin sama zuwa Jazan, sannan a shiga jirgin ruwa mai ɗaukar mutane da motoci. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, kuma kyauta ce, sai dai ana karɓar tikiti tun da wuri da takardar shaida. Watannin Nuwamba zuwa Maris sun fi daɗin ziyara, domin a sauran lokutan zafi da gumi suna tsananta. Da yake yankin Jazan yana iyaka da Yaman, yana da kyau matafiyi ya bincika halin tsaro kafin ya tashi.

Abin da ake karewa

Barewar Larabawa, wadda farauta ta rage ta ƙwarai a kan tudu, a nan ta samu mafaka. A cikin ruwa akwai duwatsun murjani da kunkuru da wata dabba dangin ayu mai kiwo a ciyawar ƙarƙashin teku. A bakin gaɓa kuwa itatuwan shura da ƙandal ne ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A cikin saiwoyinsu ƙananan kifaye ke girma, kuma su ne ke hana igiyar ruwa cinye ƙasa.

Tarihi da al'ada

An samu rubutun Latin na ƙarni na 2 a tsibirin, wanda ya nuna cewa sojojin Rumawa sun taɓa zama a can. Daga baya cinikin lu'ulu'u ya azurta mazauna, kuma shaidar hakan tana nan a gidan Rifa'i da masallacin Najdi, waɗanda aka gina a shekarun 1920 da ado mai sassaƙa. Kowace shekara, wajen watan Afrilu, kifin harid mai baki irin na aku yakan taru a wani mashigi mara zurfi, jama'a su fito su kama shi cikin biki.

Haƙƙin da ke kan baƙo

Sauƙin zuwa ya ƙara yawan baƙi, kuma wurin ba ya jure ɓarna. An haramta farauta. Murjanin da aka taka ko aka ɓalle yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, ledar da aka jefar kuma kunkuru kan haɗiye ta ya mutu. Saboda haka ana son baƙo ya bi hanyoyin mota da aka sani, ya nisanci wuraren da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, ya nemi matuƙin kwalekwale ɗan gari idan zai shiga dajin ƙandal, sannan ya koma Jazan da shararsa.