Wa ya gudu, wa ya ja da baya?

Gardamar a fadarmu ta tashi, wajen shayi, daren da muka gama jarrabawar nahawu. Wani abokinmu Badamagare yana ta cika baki da Amadu Kuran Daga, sai wani ya ce masa: "Kuran naku ai gudu ya yi a Tirmini." Saura kaɗan a zubar da butar. Na koma ɗaki da tambayar da ta hana ni barci: a tarihi, wa muke kira matsoraci, kuma da wane ma'auni?

Da yake kalmomi nake karanta, daga nan na fara. Matsoraci an gina shi ne kamar manomi ko maɗinki. Ba a ce wa mutum manomi don ya taɓa riƙe hauya rana ɗaya. Ke nan harshen da kansa yana cewa matsoraci shi ne wanda tsoro ya zame masa sana'a. Sai kuma raggo, wadda ta haɗa malalaci da mai gudun faɗa cikin riga guda, kamar dai a wurin kakanninmu wanda ya ƙi gona da wanda ya ƙi fage duk nauyi suka sauke wa wasu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikatau. Tafiya ɗaya ce, amma wani "gudu" ya yi, wani "ja da baya", wani kuma "hijira". Wanda ke ba da labarin shi ke zaɓa.

Ku duba shekarar 1899. A watan Afrilu ayarin Voulet da Chanoine ya auka wa Lugu. Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi faɗa, da wutar bindiga ta fi ƙarfinsu suka shige daji. Tun muna lakol ba mu taɓa jin an ce ta gudu ba, kuma daidai ne. A ƙarshen Yuli, Kuran Daga ya tari Faransawa a Tirmini, aka karya rundunarsa, ya bar Zinder, cikin Satumba aka cim masa aka kashe shi. Su biyun sun tsaya sai da tsayuwa ta ƙare.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Sarkin Kano Alu, wato Aliyu Babba. Wannan ba ɗan lelen fada ba ne. Da takobi ya hau gado a Basasar Kano, ya yi ta gwabzawa da Damagaram, har ana masa kirari da Mai Sango. Lokacin da Ingilishi suka ci Kano a farkon Fabrairun 1903, yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da dawakinsa. Labari ya same shi a hanya. Cikin dare ya sulale, ya bar runduna tana barci, ya yi arewa, wajenmu nan. A ƙasar Gobir aka kama shi aka miƙa wa Ingilishi, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Da gari ya waye runduna ta rabu biyu: Waziri Ahmadu ya ja nasa zuwa Kwatarkwashi ya mutu yana faɗa, Wambai Abbas ya koma Kano da sauran, Turawa suka naɗa shi sarki.

To, ku faɗa mini, cikin ukun nan wa ne matsoraci? Abbas ya miƙa wuya, amma ya mai da mutane gidajensu da rai, kuma zuriyarsa ke sarautar Kano har gobe, don haka ba a cika masa wannan tambayar da ƙarfi ba. Alu kuwa, mai yiwuwa ya yi lissafi ne: mashi da doki ba su iya wa bindiga mai ruwa, kuma Kwatarkwashi ta gaskata lissafin. Ni barin yaƙin bai dame ni ba. Sarkin Musulmi Attahiru ma ya bar Sakkwato a watan Maris na shekarar, sai dai shi a fili ya fita, jama'a suka bi shi har Burmi, inda ya faɗi tare da su a watan Yuli. Shi ya sa tasa ake ce mata hijira. Abin da ke tsaya mini a wuya game da Alu shi ne shirun. Mutanen da suka bi shi tun Basasa sun tashi da asuba suka tarar ba sarki, ba umarni. Da ya tara su ya ce "wannan yaƙi ba namu ba ne, kowa ya nemi hanya", da labarin ya sake. Duk da haka bakina ya ƙi furta matsoraci a kansa, saboda wancan "ma-" ɗin: dare ɗaya ne cikin shekaru kusan goma na fagen fama.

Yanzu ku juyo ga wanda ba a cika zargi da gudu ba. Voulet ke nan. Ya ƙone ƙauyuka tun daga bakin kogin Isa, a watan Mayu ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa, mata da yara ba a bari ba. Da gwamnatinsa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yuli a Dankori, Klobb ya taho ya hana mutanensa harbi, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta. Bai iya tsayawa gaban shari'ar ƙasarsa ya amsa abin da ya aikata ba. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsa da kansu suka kashe Chanoine, suka bi da shi; kaburburansu na nan a Maijirgi, kusa da Tasawa. Duk tafiyar nan a bayan bindigogi ɗaruruwa yake, gabansa kuwa masu kwari da baka, ko masu tulu a ka. Idan akwai wanda ya mai da abin sana'a, wata bayan wata, ga shi nan. Amma a littattafai za ku ga an ce masa mugu, an ce mahaukaci, wai zafin ranar Afirka ya taɓa masa kai (uzuri mai arha), matsoraci kam ban taɓa cin karo da ita ba.

Washegari na kai wa fada wannan bayani ina jin na kashe gardama. Badamagaren ya yarda da ni kan Kuran Daga, ba shakka. Sai wanda ya tsokane shi ya tambaye ni: a ce ni ne cikin dogaran Alu, na gan shi yana ɗaura wa doki sirdi tsakar dare, zan tada runduna ko zan bi shi? Na ce zan tada su. Suka yi dariya, suka tuna mini ranar da aka harba barkonon tsohuwa a ƙofar jami'a, na bar takalmina ɗaya da kuma wanda muke tafe tare, sai da yamma na kira shi a waya.