Igwar Aro a Rundunar Wellington

Jama'a, abin da ya fi ɗaure mini kai game da sojan Ingila na zamanin bindigar ɗuri shi ne, igwa ba ta janar ba ce, aro ake ba shi. 'Yan igwa suna ƙarƙashin wata hukumar makamai ce a London, mai cin gashin kanta, wadda ba a rushe ba sai 1855.

Da can, akan haɗa kowace bataliya da ƙananan igwogi biyu, amma wutarsu a warwatse take, sai aka daina. A 1809 Wellington ya kasa dakarunsa na Fotugal manyan rundunoni huɗu. Daga nan aka riƙa liƙa wa runduna ƙungiya mai igwa shida: biyar masu harbi kai tsaye, ɗaya mai cilla harsashi sama. A Waterloo, 1815, yawancin rundunonin ƙungiya bibbiyu suka samu.

To, umurnin wa ɗan igwa zai bi? Bayan yaƙin Vitoria, 1813, Wellington ya ce wa Kyaftin Ramsay kada ya ɗaga igwoginsa sai ya ji daga bakinsa. Wani hafsa ya zo ya ce a matsa gaba, Ramsay ya matsa. Wellington ya sa aka tsare shi. A ganina, an zalunce shi. An dai sake shi daga baya, ya mutu a Waterloo.