Haɗarin ɗaukar kwikwiyon da ba a san asalinsa ba

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina, manoma da makiyaya da mafarauta kan yi kiwon kare domin gadi ko farauta.

Sau da yawa kwikwiyo ake samowa, ko dai kyauta, ko kuma yara su tsinto shi a bayan gari, ba tare da an san uwarsa ba.

Babban haɗarin da ke tattare da hakan shi ne ciwon haukan kare, domin kwikwiyo zai iya ɗauke da ƙwayar cutar tsawon makonni alhali yana wasa kamar lafiyarsa ƙalau.

Yadda cutar ke yaɗuwa

Ƙwayar cutar na cikin yawun kare, kuma tana shiga jikin mutum ta hanyar cizo ko yakushi, ko kuma idan karen ya lashi rauni.

Daga nan sai ta bi jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa. Alamunta kan bayyana bayan wata 2 zuwa 3, kuma da zarar sun bayyana, da wuya a rayu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cutar na hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Su ne masu wasa da kwikwiyo, kuma sukan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa.

Matakan kariya

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a yi wa kwikwiyo allurar rigakafi idan ya kai wata 3, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska.

Ana samun wannan kulawa a asibitocin dabbobi, ciki har da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Idan kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar domin fara karɓar allurai.

Shi kuma karen a tsare shi na kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira cikar kwanakin kafin a kai wanda aka ciza asibiti.