Atamfa da Iyaka: Gasar Kasuwa Tsakanin Maraɗi da Kano

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna, ta hanyar tarihin atamfa, cewa doka tana iya buɗa tazarar farashi, amma mai saye ne yake zaɓen wanda zai ci ribarta.

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da yadin waje domin ta kare masaƙun Kaduna da Kano. Sai dai dokar ba ta taɓa ma'aunin da mata suke auna zane da shi ba. A wajen haɗa lefe, atamfar Holan tana gaban ta Ingila, ta Ingila tana gaban ta gida. A matsayinmu na masu nazarin harshe, mun lura cewa sunan zanen kansa yana ɗauke da ƙasar da ya fito, watau asali ya zama daraja tun a bakin mai ciniki. Da buƙata ta tsaya yadda take, sai hanya ta sake. Alhazan Maraɗi suka riƙa sauke kaya a tashar Kwatano, su biya wa duwan na Nijar kuɗin wucewa, sa'an nan kayan su ƙetare ta wajen Jibiya zuwa Kantin Kwari. Abin da yake fasa-ƙwauri a kudu, kuɗin shiga ne a baitulmalin arewa. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986 ya tsawwala kuɗin hanya, bai kashe cinikin ba.

Daga 1986 darajar naira ta faɗi, lamarin ya juya. Atamfar Kaduna ta yi araha ga mai sefa, ta cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, masaƙar SONITEXTIL ta Yamai ta rasa masu saye a gidanta. A nan talaka ne ya yanke hukunci, da aljihunsa. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya rage tazarar kawai.

A ganinmu, kuskuren gwamnatocin biyu ɗaya ne: kowace ta ɗauki iyakarta a matsayin iyakar kasuwa, alhali masu saye jama'a guda ce mai ɗanɗano guda. Da atamfar Sin ta shigo a shekarun 2000, tana kwaikwayon zanen Holan a farashin da ya gaza na gida, ta bi hanyar nan da aka riga aka share. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya da aiki a 2007.