Maguɗi a gasar kamun kifi ta Amurka: yadda ake yin sa da yadda asiri ke tonuwa

A Amurka kamun kifi da ƙugiya wasa ne da ake gasa a kansa, har akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai shiga gasar. Kifin da aka fi yin ta a kansa shi ne wanda suke kira bas, kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da ke zaune a tafkuna da madatsun ruwa. Ba babban kifi ba ne. Yawancin waɗanda ake kaiwa sikeli ba sa wuce kilo ɗaya zuwa uku, kuma wanda ya daɗe yana riƙe da tarihin girma, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, da kaɗan ya haura kilo 10. Saboda haka giram ƙalilan ke raba na ɗaya da na biyu, alhali tazarar kyautarsu kan kai dubban daloli. Ta wannan ƙofa maguɗi yake shigowa.

Asalin gasar da dokokinta

Wani dillalin inshora daga jihar Alabama, Ray Scott, shi ya mayar da abin kasuwanci. A 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver da ke jihar Arkansas, mutum 106 suka shiga, kowanne ya biya dala 100. Shekara guda bayan haka ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., a 1971 kuma aka fara babbar gasarta ta shekara-shekara, Bassmaster Classic. Zakaran farko dala 10,000 ya samu. A 'yan shekarun nan kyautar ta ɗaya dala 300,000 ce. A ƙarƙashin wannan akwai dubban ƙananan gasa da ake yi a ƙarshen mako, inda ake cin kuɗi ko mota ko jirgin ruwa mai inji.

Tsarin da aka saba shi ne a fita da asuba, a dawo a ƙayyadadden lokaci, kowa ya gabatar da kifi biyar mafiya nauyi cikin abin da ya kama. Dole a kawo su da rai a cikin tankin ruwa da ke jikin jirgi, a auna, a mayar da su tafki. Wanda ya kawo matacce ana rage masa nauyi. Tsakanin fita da dawowa kuwa, masunci yana can a wani lungu na tafki inda babu alƙalin wasa, babu 'yan kallo. Scott ya gane haɗarin haka tun farko, shi ya sa yake haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a jirgi ɗaya, kowa ya zama ido a kan ɗan'uwansa. Ƙananan gasa da yawa kuwa suna barin aboki ya shiga da abokinsa.

Dalma a cikin kifi

Dabarar da aka fi sani ita ce ɗura wa kifi dalma ta baki. A 2009, a wata gasa da aka yi a tafkin Ray Hubbard kusa da birnin Dallas na jihar Texas, inda kyautar ta ɗaya jirgin ruwa ne na dala 55,000, masu awo suka ga wani kifi ya nutse ya kwanta a ƙasan tankin da aka saka shi. Da aka shafa cikinsa aka ji wani abu mai tauri. Dalma ce mai nauyin kusan rabin kilo. Mai kifin ya amsa laifinsa a kotu, aka ɗaure shi kwana 15.

A 2010 abin ya faru da wani sanannen ɗan gasa a tafkin Mead da ke iyakar jihohin Nebada da Arizona. A can, kifin da ya mutu kafin awo fede shi ake yi a ba mabuƙata. Wajen fiɗar aka ga dalma a cikin wasu, aka bi diddigi har aka gano jirgin da suka fito. An haramta wa mutumin shiga gasar har ƙarshen rayuwarsa.

Amma lamarin da duniya ta gani ya faru ne ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Cleveland na jihar Ohayo, a bakin tafkin Erie. Wannan karon ba bas ba ne, wani kifi ne da suke kira wolai, sai dai tsarin gasar ɗaya ne. Wasu abokai biyu, waɗanda suka yi ta lashe gasa a jere har mutane suka fara gunaguni, suka kawo kifi biyar da suka tashi sama da kilo 15. Shugaban gasar mutum ne da ya saba ɗaga irin wannan kifi, kuma ya ga wanda ido ya ba shi kilo biyu sikeli yana ba shi fiye da uku. Sai ya zaro wuƙa ya farke cikin guda a gaban jama'a. Daga cikin kifayen biyar an fito da dunƙulen dalma goma, takwas masu giram 340, biyu masu kusan giram 230, tare da yankan tsokar wani kifin da aka cusa. Hoton bidiyon ya bazu a intanet cikin sa'o'i. Kyautar da suke nema ta kusa dala 29,000. A watan Maris na 2023 suka amsa laifi, a watan Mayu aka yanke musu ɗaurin kwana goma da tarar dala 2,500 kowanne, aka dakatar da lasisinsu na kamun kifi shekara uku, aka kuma ƙwace jirgin da suka yi gasar da shi. Ƙwace jirgin ne ainihin hukuncin, domin darajarsa ta kai dala 100,000 ko fiye.

Kifin da aka tanada tun kafin gasa

Wannan ta fi dalma wuyar ganewa, domin kifin lafiyarsa ƙalau, nauyinsa kuma na gaskiya ne. Ƙaryar tana ga lokacin da aka kama shi da wurin. Mutum yakan kama manyan kifaye kwanaki kafin gasa, ya zuba su a keji ya nutsar a inda shi kaɗai ya sani, ran gasa ya je ya kwaso. Wani kuma daga wani ruwa dabam yake kawo su. A shekarun 1980 hukumomin tarayya sun gurfanar da wani gungu da ke ɗauko manyan bas daga jihar Fulorida yana cin gasa da su a Texas. Ko a nan gida an ga irin haka: a bikin Argungu na 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bisa zargin cewa mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri.

Shari'ar da ta fi nuna inda bincike ya kai ita ce ta jihar Yuta. A watan Oktoba na 2018, a gasar tafkin Powell, masu shirya gasa suka lura kifayen wasu mutum biyu ba su yi kama da na sauran ba: kawunansu ƙanana, jikinsu ya yi ƙiba, alamar abincinsu dabam ne, fikafikansu kuma sun yi ja irin na kifin da ya sha wahala. A cikin kan kifi akwai wani ɗan ƙashi mai kama da tsakuwa, wanda ke girma yana ɗaukar sinadaran ruwan da kifin ya rayu a ciki. Aka aika waɗannan ƙasusuwa ɗakin bincike na Jami'ar Yuta, sakamako ya nuna kifayen daga madatsar ruwa ta Quail Creek suka fito. Mutanen sun amsa laifi a 2020, aka ci su tara, aka sa su aikin al'umma na sa'o'i 48. Kyautar da suka yi duk wannan dominta dala 2,500 ce kacal.

Akwai kuma masu aiki da almakashi. A tafkin Fork na Texas doka ta ce duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 a sake shi nan take, don haka wasu kan datse jelar kifi ya dawo ƙasa da 16 su samu damar kai shi sikeli. A gasar ƙananan kwale-kwale, inda hoton kifi a kan allon awo ake turawa, tsawo ake nema, kuma an taɓa samun wani da yankakkiyar jelar kifi a cikin kwale-kwalensa.

Matakan da ake ɗauka

Gasa da yawa suna sa wanda ya ci ya zauna gaban na'urar gano ƙarya, mai auna bugun zuciya da numfashi da gumi yayin da ake yi wa mutum tambayoyi. Kotuna da dama a Amurka ba sa karɓar sakamakonta a shari'ar laifi, amma tunda ɗan gasa ya sa hannu a kan sharaɗin, ana iya hana shi kyauta idan ya faɗi. A 2016 an hana wani mutum dala miliyan 2.8 a wata gasar kifin teku a jihar Maryland bayan ya kasa tsallake gwajin, kotun tarayya kuma ta goyi bayan masu gasar a shekarar da ta biyo. Duk da haka, na'urar ta fi amfani wajen tsoratarwa. Mutanen Ohayo ɗin nan an taɓa hana su kyautar wata gasa a 2021 bayan ɗayansu ya faɗi gwajin, amma suka ci gaba da shiga wasu gasar, suna ci, har ranar da aka sa wuƙa.

Manyan gasa sukan sa ɗan sa-ido ko mai ɗaukar hoto a jirgi. Ƙungiyar Major League Fishing ta zo da tsarin da jami'i ke auna kifi a cikin jirgi da zarar an kama shi, a sake shi nan take, wanda hakan ya toshe hanyar dalma. Sai dai biyan jami'i ga kowane jirgi ya fi ƙarfin ƙaramar gasar ƙarshen mako, inda abin dogaro har yanzu shi ne idon mai awo da ƙorafin abokan gasa.

Ta fuskar doka, jihohi sun bambanta. Wasu suna amfani da dokar zamba ko ta sata da suke da ita. Texas kuwa tana da doka ta musamman a kan maguɗin gasar kamun kifi, wadda aka faɗaɗa a 2011 ta haɗa da gasar teku da kuma sauya tsawon kifi ko nauyinsa. Idan kyautar ta kai dala 10,000, laifin ya zama babba, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara goma.